Audugar mata kaɗai ba za ta wadatar ba: fashin baƙi kan haila, talauci da tsangwama

Akwai wani zama da mata da yawa suka sani. An tashi daga aji, kowa ya saɓi jakarsa ya fita, yarinya ɗaya ta ƙi motsawa daga kan benci. Ta ce wa ƙawarta ta yi gaba, wai akwai rubutun da take ƙarasawa. Sai da ajin ya yi tsit sannan ta miƙe a hankali, ta waiga ta duba bayan siket ɗinta, ta duba bencin, ta cire rigar sanyi ta ɗaura a ƙugu. Ta yagi takarda daga tsakiyar littafinta ta goge katakon, ta dunƙule takardar ta cusa a aljihun jaka don kada a gan ta a kwandon shara. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Da ta dawo ta ce zazzaɓi ta yi.

Ni ma na yi irin wannan zaman, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Abin da ya ɗaure yarinyar nan a kan benci ɗigon jini ne da bai cika cokali ba. Amma abubuwa da dama ne suka taru a bayan ɗigon. Ba wanda ya gaya mata ranar za ta zo. Ba ta da abin da za ta tare jinin. Banɗakin makarantar ba ƙyaure, ba ruwa. Kuma ta tabbata in aka gani, da ita za a yi ta hira har ƙarshen zango. Waɗannan su ne masu fafutuka suke haɗawa wuri ɗaya su kira su batun adalci a sha'anin haila, kalmar da wata lauya 'yar Amurka, Jennifer Weiss-Wolf, ta yaɗa wajen shekarar 2015. Abin nufi shi ne kada haila ta zama sanadin da mace za ta rasa karatu, aiki, lafiya ko mutunci, alhali ɗan'uwanta namiji bai rasa ko ɗaya ba.

Sai mu fara da jikin kansa, don rashin sani ya fi dare duhu, kuma mafi yawan tsoron da ake wa wannan jini daga nan ya samo tushe. Kowane wata, ɗaya daga cikin ma'ajiyar ƙwai biyu da mace take da su tana sakin ƙwai guda. Kafin sakin ƙwan da bayansa, wasu sinadarai biyu na jiki, istirojin da furojestaron, suna sa bangon cikin mahaifa ya yi kauri ya cika da ƙananan jijiyoyin jini, tamkar ana yi wa baƙo shimfiɗa. Idan ciki ya shiga, a kan shimfiɗar nan zai zauna. Idan bai shiga ba, sinadaran sai su yi ƙasa, shimfiɗar ta saɓule ta fita. Fitar nan ita ce haila. Jini ne irin wanda yake gudana a hannu da ƙafa, gauraye da ɓarɓashin bangon mahaifa da ruwan da ke cikinta. Babu wata dauɗa da ta taru a jiki take neman hanyar fita. Yawan jinin a wata, ga mafi yawan mata, mililita 30 ne zuwa 40, wato cokali biyu ko uku manya. Tsakanin farkon wata haila da farkon ta gaba kwana 21 ne zuwa 35, jinin kuma yana ɗaukar kwana 2 zuwa 7. A shekarun farko lissafin yakan rikice, ya zo ya ɗauke wata biyu ko uku, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Yawanci yarinya tana farawa wajen shekara 12 ko 13, wasu tun suna 9 ko 10. Hailar tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55. In aka tara kwanakin jinin duka, mace ɗaya tana yin kusan shekara 6 na rayuwarta tana cikin haila. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta mutum biliyan 1.8 ne suke haila kowane wata. Bankin Duniya kuwa ya ce kimanin miliyan 500 daga cikinsu ba su da isassun kayan tare jini ko wurin da za su gyara jikinsu cikin tsafta.

Manyan alƙaluma irin waɗannan suna da wuyar shiga zuciya. Ƙaramin lissafi ya fi nuna abin. Audugar mata ana son a canza ta duk bayan awa 4 zuwa 6. Wannan ya kama guda uku zuwa biyar a yini, goma sha biyar ko ashirin a wata. Gidan da ke da uwa da 'yan mata huɗu kenan yana buƙatar kusan guda ɗari duk wata, kuma ba a ɗaga wa buƙatar nan ƙafa don albashi ya makara ko kasuwa ta yi sanyi. Inda kuɗin cefane bai isa ba, audugar ce take fara fita daga jerin sayayya, saboda mai riƙe da kuɗin sau da yawa namiji ne, mai buƙatar kuma ba ta iya buɗe baki ta faɗa masa. Sai a koma ga abin da ya samu: tsumma, sosan tsohuwar katifa, takardar jarida, takardar goge bahaya da aka ninka. Wata kuma ta bar auduga ɗaya a jikinta tun safe har dare, cinyoyinta su saɓe. Akwai abin da ya fi wannan muni. Wani bincike da aka wallafa a 2015 daga yammacin Kenya ya gano cewa cikin 'yan mata masu shekara 15 da aka tambaya, kusan ɗaya cikin goma ta ce ta taɓa ba da kanta don samun kuɗin auduga.

Ina so in tsaya kan ƙunzugu, don ana yawan yi masa rashin adalci a wajen wayar da kai. Mata sun yi dubban shekaru suna amfani da ƙyalle. Audugar da ake yarwa sabuwar aba ce, wajen 1920 ta shiga kasuwa sosai, bayan da ma'aikatan jinya a Yaƙin Duniya na Ɗaya suka lura cewa abin da ake ɗaure wa sojoji rauni da shi yana tsotse jini fiye da tsumma. Ƙyalle mai laushi, in an wanke shi da sabulu da ruwa mai tsafta, aka shanya shi a rana ya bushe ƙarau, aka adana shi a busasshen wuri, yana yin aikinsa lafiya lau. Matsalar tana wajen shanyar. Wace yarinya ce za ta baza ƙunzugunta a igiya a tsakar gida, inda babanta da yayyenta suke wucewa? Sai ta wanke shi da daddare a gurguje, ta matse, ta tura ƙarƙashin gado ko ta rataye a bayan ƙofa ta lulluɓe shi da wani zane. Da safe da sauran danshi take mayar da shi jikinta. Danshi da duhu kuwa su ne gidan ƙwayoyin cuta. Wani bincike a jihar Odisha ta Indiya a 2015 ya nuna matan da suke maimaita ƙyalle sun fi fama da alamomin ciwon sanyi da na mafitsara. Ga rana kyauta, ga igiya kyauta, amma tsoron idon mutane ya hana a amfana da su. A nan za a ga yadda talauci da tsangwama suke aiki hannu da hannu.

Gwamnatoci da yawa sun fara taɓa matsalar ta wajen haraji, don shi ne ya fi sauƙin taɓawa. Kenya ce ta riga kowa, ta cire harajin saye daga audugar mata a 2004. Kanada ta bi a 2015. Indiya ta soke harajinta na kashi 12 cikin 100 a watan Yulin 2018 bayan mata sun yi ta kai ƙara da zanga-zanga. Ostireliya ta cire nata a farkon 2019, Jamus ta sauke daga kashi 19 zuwa kashi 7 a 2020, Birtaniya ta soke kashi 5 ɗinta a ranar 1 ga Janairun 2021. Hujjar a fili take: bai dace a ɗora wa mace haraji kan abin da ba ta da zaɓin barinsa ba. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A Birtaniya, masu bin diddigin farashi sun gano a 2022 cewa mafi yawan rangwamen a aljihun 'yan kasuwa ya tsaya, bai kai ga mai saye ba. A Indiya, yadda aka tsara cire harajin ya hana masana'antun cikin gida karɓo harajin da suka biya kan kayan da suke sarrafawa, don haka farashin bai sauka yadda aka zata ba. Wadda kuma ba ta da ko sisi, rage mata kashi goma bai canza mata komai ba.

Shi ya sa wasu suka wuce haraji suka koma rabawa kyauta. Kenya ta yi doka a 2017 da ta wajabta wa gwamnati ba 'yan matan makarantun gwamnati auduga. Niyu Zilan ta fara rabawa a makarantunta a 2021. Sikotland ce ta yi nisa fiye da kowa. Majalisarta ta amince da ƙudurin da 'yar majalisa Monica Lennon ta kawo a watan Nuwamban 2020, ba ko mutum ɗaya da ya ƙi, dokar kuma ta fara aiki a watan Agustan 2022. Ita ce ƙasa ta farko da ta mayar da samun kayan haila kyauta haƙƙin duk mai buƙata.

To, in an raba audugar, yarinyar nan ta kan benci za ta daina fashin makaranta? Nan ne ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa masu neman tallafi daɗi ba. Wasu masana tattalin arziki biyu, Emily Oster da Rebecca Thornton, sun bi 'yan mata a Nefal suna rubuta zuwansu makaranta rana-rana, suka ba wasu kofin haila, wani ɗan ƙaramin kofi mai laushi da ake sawa a ciki ya tare jinin. Sakamakon da suka wallafa a 2011 ya nuna kwanakin da haila take cinyewa ba su kai yadda ake faɗa ba a wurin, kuma kofin bai ƙara zuwa makaranta da wani abin a zo a gani ba. A yammacin Kenya, wani gwaji da aka wallafa a 2016 ya nuna raba kofi ko auduga ya rage cututtukan al'aura, amma bai rage barin makaranta ba. A Yuganda kuwa an ga amfani, kuma abin sha'awa, 'yan matan da aka yi wa bayanin balaga kawai ba a ba su auduga ba, su ma sun amfana. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne audugar dole ce, amma ita ɗaya ce cikin ƙafafun kujera. Kuma bai kamata a ce sai an tabbatar tana ƙara maki a jarrabawa sannan ta cancanci a saya ba. Ba wanda ya taɓa neman a yi bincike kafin a yarda a ajiye sabulu a banɗaki.

Ƙafa ta biyu ita ce wurin canzawa. Yarinya da ta fita tun safe ba za ta dawo ba sai la'asar, dole ta canza aƙalla sau ɗaya a waje. Tana buƙatar ɗaki mai ƙofa da sakata, da haske, da ruwa a ciki, ba a can bakin famfo inda maza suke layi ba, da kuma inda za ta jefa wadda ta cire. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na watan Mayun 2024 ya ce a duk duniya makarantun da suke da kwandon zubar da audugar a banɗakin 'yan mata ba su kai ɗaya cikin uku ba, kuma biyu cikin biyar ne kawai suke koyar da wani abu game da haila. Mace mai talla a tasha, mai aikin gona, mai ɗinki a masana'antar da ake ƙirga mintocin fita banɗaki, 'yar gudun hijira da banɗakin sansaninsu yake can nesa cikin duhu, fursuna, mai lalurar da sai an taimaka mata ta cire kaya, duk tambayarsu ɗaya ce: a ina zan canza? A Amurka sai a 2018 aka yi dokar da ta tilasta wa gidajen yarin tarayya ba mata fursunoni auduga kyauta. Wannan tambaya kuma ita ce take yanke hukunci kan irin kayan da ya dace. Kofin haila yana iya kai shekara 10, kuma wani babban nazari na 2019 ya nuna ana iya amfani da shi lafiya, amma yana son hannu mai tsafta da ruwan wankewa da wurin tafasa shi. Kai shi inda babu ruwa wahala ce aka ƙara.

Me ya sa abu mai sauƙi kamar sakata da kwandon shara ya gagara? Saboda ba a saka abin da ba a ambata a cikin kasafi. Masu zana ginin makaranta, masu raba kuɗi, masu sa hannu, galibi maza ne da aka rene su a kan cewa wannan zancen mata ne, matan kuma an rene su a kan kada su bari maza su ji.

Ƙyamar jinin haila tsohuwa ce, kuma ba ta wata al'umma ɗaya ba ce. Filini, marubucin daular Rum a ƙarni na farko, ya rubuta cewa jinin yana tsamar da ruwan inabi, yana ƙona amfanin gona, yana dusashe madubi, yana sa ƙarfe tsatsa, yana haukata kare. Kusan shekara dubu biyu bayan haka, a 1920, wani sanannen likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Béla Schick, ya yi da'awar cewa akwai guba a gumin mai haila, wai furanni sun yi yaushi a hannun mai aikinsa. An ɓata shekaru ana neman gubar nan, ba a same ta ba. A yammacin Nefal akwai al'adar da ake kira cawfadi, inda mai haila take kwana a wata 'yar bukka a wajen gida. Kotun ƙolin ƙasar ta haramta ta a 2005, majalisa ta mayar da ita laifi a 2017 da hukuncin ɗaurin wata uku. Duk da haka a watan Janairun 2019 an tarar da wata mata da 'ya'yanta maza biyu sun rasu a irin wannan bukka a gundumar Bajura, hayaƙin wutar da suka hura don sanyi ya shaƙe su. A watan Fabrairun 2020, a garin Bhuj na jihar Gujarat a Indiya, an tilasta wa ɗalibai mata 68 cire kamfai don a gano wadda take haila. A watan Satumban 2019, a gundumar Bomet ta Kenya, wata yarinya mai shekara 14 ta kashe kanta, bayan da, a cewar mahaifiyarta, aka kira ta ƙazama a gaban aji aka kore ta don jinin ya ɓata mata kaya. Hailarta ta farko ke nan. Ba na iya karanta labarin nan ban tuna bencin can ba.

A nan akwai wani rarrabewa da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Wasu in sun ji ana cewa a daina ɓoye zancen haila sai su ɗauka ana kiran mata su yar da kunya. Kunya daban, tsangwama daban. Kunya ita ce mace ta so sirrinta, ta so ƙofa ta rufu, ta zaɓi wanda za ta gaya wa. Wannan haƙƙinta ne, kuma banɗaki mai sakata shi yake kare mata shi. Tsangwama kuwa ita ce a sa mata a rai cewa ita kanta ƙazanta ce, har ta kasa tambayar uwarta, ta kasa gaya wa likita, ta kasa shanya ƙyallenta. Wadda ta ce "ina fashin salla" ko "na yi baƙo" ba ta yi laifi ba, kowane harshe yana da irin wannan sakaya zance. Laifin yana farawa ne idan sakayawar ta kai yarinya ta ga jini a karon farko ta ɗauka mutuwa za ta yi, ko ta ɓoye don tana tsoron a zarge ta da bin maza.

Masu jingina ƙyamar da Musulunci kuwa sai su duba abin da ya zo a ingantattun hadisai. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta miƙo masa tabarmar salla, ta ce tana haila, sai ya ce mata hailarta ba a hannunta take ba. Ta ce takan sha ruwa tana haila ta miƙa masa, ya sa bakinsa daidai inda ta sa nata. Yakan kishingiɗa a cinyarta yana karatun Alƙur'ani tana cikin wannan hali. Ita ce kuma ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. An ɗauke wa mai haila salla, an jinkirta mata azumi, an hana kusantarta ta aure. Ba a ce a ware mata ƙwarya ba, ba a ce abincin da ta dafa ya gurɓata ba. Waɗannan ƙarin mutane ne.

Shirun bai tsaya a gidaje ba, ya shiga har ɗakunan bincike. A 1983, da Sally Ride za ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta je sararin samaniya, injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun tambaye ta ko audugar cusawa, wadda ake sawa a ciki ta tsotse jinin, guda 100 za ta ishe ta tafiyar da ba ta wuce mako ɗaya ba. Shekaru da dama masu tallar auduga a talabijin suna zuba ruwa mai launin shuɗi don nuna tsotsarta, sai a 2017 kamfanin Bodyform ya nuna jan ruwa a Birtaniya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sai a 2023 aka wallafa binciken farko, daga wata jami'a a jihar Oregon ta Amurka, da ya gwada yawan abin da kayan haila suke ɗauka ta amfani da jini na gaske. Kafin nan da ruwan gishiri ake gwadawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin likita yana auna yawan zubar jinin mace ne da tambayar auduga nawa take jiƙawa.

Nan muka iso inda shirun ya fi yin ɓarna, wato ciwo. Ciwon mara yana da sanadi da aka sani. Bangon mahaifa yana fitar da wani sinadari, furostagilandin, wanda yake sa mahaifar ta riƙa matsewa don ta fitar da abin da ke ciki. In ya yi yawa, matsewar ta yi tsanani, har da amai da gudawa da ciwon baya. Magunguna irin su ibufurofen suna rage sinadarin ne kai tsaye, shi ya sa suke aiki, kodayake mai gyambon ciki sai ta nemi shawarar likita. Ɗumama mara da ruwan zafi a gora ma yana taimakawa. Amma nawa ne cikin 'yan mata aka gaya musu wannan? Abin da suke ji shi ne "haƙuri za ki yi, kowa da haka ta saba" ko "in kin yi aure zai daina".

Wani ciwon kuma ba na haƙuri ba ne. Akwai cutar da ake kira endometiriyosis, inda nama irin na bangon mahaifa yake tsirowa a wajenta, a kan ma'ajiyar ƙwai ko hanji ko mafitsara, yana kumbura duk wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kama kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, wato kimanin miliyan 190. Ko a ƙasashe masu arziki mace takan yi shekara 7 ko fiye tana yawon asibiti kafin a gano ta, saboda ita da likitocin duka sun saba ɗaukar ciwon haila ba a bakin komai ba. Haka ma zubar jini mai yawa. Idan auduga tana cika duk awa ɗaya ko biyu, ko jinin ya wuce kwana 7, ko yana fitowa da manyan gudaji, ko ciwon ya hana ta tashi, wannan na asibiti ne. Yana iya zama ƙari a mahaifa, yana iya zama matsalar daskarewar jini. Kuma yana zuƙe sinadarin ƙarfe na jiki a hankali. Kusan kashi 30 cikin 100 na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Yarinyar da ake cewa raguwa ce, kullum tana gyangyaɗi a aji, tana haki in ta hau bene, wataƙila jininta ne ya yi ƙasa. Amma ta yaya za ta san nata ya yi yawa in ba ta taɓa jin yadda na wasu yake ba? Dalilin da ya sa ke nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2022 a daina kallon haila a matsayin batun tsafta kawai, a ɗauke ta batun lafiya.

Hutun haila daga aiki ya nuna iyakar doka. Japan tana da shi tun 1947, Zambiya ta ba mata kwana ɗaya a wata, Sifaniya ta zama ta farko a Turai a watan Fabrairun 2023. Amma a Japan matan da suke karɓar hutun ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Kafin ki samu sai kin tsaya gaban shugabanki kin faɗa, kuma kina tsoron gobe a ce ɗaukar mace aiki asara ce.

Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai gaskiya a ciki, amma maganin wannan ciwon rabinsa yana hannun maza. Wani mutum a jihar Tamil Nadu ta Indiya, Arunachalam Muruganantham, ya ga matarsa tana ɓoye wani tsumma a 1998, ya tambaya, ta ce in ta sayi auduga sai dai a rage kuɗin madarar gidan. Ya duƙufa neman hanyar yin mai araha. Mutanen garinsu suka ce ya haukace, matarsa da mahaifiyarsa suka ƙaurace masa na wani lokaci. Daga baya ya ƙera ƙaramin injin da ƙungiyoyin mata a ƙauyuka suke sarrafa auduga da shi suna sayarwa, gwamnatin Indiya kuma ta ba shi lambar girmamawa a 2016. Ba kowane namiji ake nema ya ƙera inji ba. Uba ya sa kuɗin audugar a cefanen wata ba sai an roƙe shi ba. Malami in yarinya ta nemi izinin fita ya bar ta ba tare da tambayar dalili a gaban aji ba. A zaunar da yara maza a yi musu bayanin abin da yake faruwa a jikin ƙannensu, don mafi yawan masu tsokanar nan ba su san komai ba sai abin da suka tsinta a bakin abokai. A kuma gaya wa yarinya tun tana shekara 8 ko 9, kafin ranar ta riske ta. Ranar 28 ga Mayu, wadda wata ƙungiyar Jamus mai suna WASH United ta fara warewa a 2014 don wannan batu, 28 don kwanakin zagayen wata, Mayu kuma wata na biyar don kwanakin jini, tana da amfaninta wajen buɗe baki. A watan Fabrairun 2023 ma 'yar majalisar dattawan Kenya Gloria Orwoba ta shiga zauren majalisa da jan tabo a farin wandonta, aka ce ta fita, maganar ta zagaye duniya.

Cikin dokar Sikotland akwai wani sharaɗi da ya fi burge ni fiye da kalmar kyauta. Ta ce dole kayan su samu cikin sauƙi, ta hanyar da ta kiyaye mutuncin mai ɗauka, kuma a ba ta zaɓi tsakanin nau'o'i. Na san makarantar da aka kai wa katan-katan na auduga, aka kulle su a kabad a ofishin shugaba. Duk mai so sai ta ratsa ɗakin malamai, ta jira a nemo mai mukulli, ta faɗi abin da ya kawo ta, a rubuta sunanta a littafi. Zango ya ƙare katan ɗin suna nan ba a taɓa rabinsu ba, aka kai rahoto cewa 'yan matan ba sa buƙata. Da wata malama ta sa aka kwaso su aka zuba a kwando a cikin banɗakin 'yan matan, aka kira kafinta ya kafa sakata a ƙofa, sai ga shi duk ranar Litinin sai an sake cika kwandon.